Tambayi Anti Nas: In shafa ma yarona man kashe zafi kafin allurar gwajin tarin fuka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti Nas, ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni mai bin filinki ce daga Jega. Don Allah tambaya gare ni. Surukina, baban maigidana, anka gwada shi anka ce tarin fuka ne, yanzu haka ya fara shan magani. To gida ɗaya muke, kuma ɗana ɗan shekara uku kullum yana ɗakinshi, tare suke cin tuwo, wani lokaci ma can barci ke kwashe shi sai da safe. Sai asibiti sunka ce a kawo yaran gidan a duba su, wai za a yi mishi wata allura ta gwaji ga hannu. Anti yaron ga tsoron allura gare shi ba kaɗan ba, ko farin kaya ya hanga sai ya fara ihu, ranar da anka yi mishi ta zazzaɓi sai da mutum uku sunka danne shi. To wata maƙwabciyata mai yawan kallon TikTok ta ce akwai wani mai da Turawa ke shafa ma yara kafin allura, wurin ya mutu ba su jin komi, ta ce in nema kemis in shafa mishi tun daga gida. Na tambaya, mai kemis ya ce ba shi da shi amma yana iya sawa a aiko daga Sakkwato, ko kuma ya ba ni wani na bututu da ake sa ma basir, wai duk aikinsu ɗaya. Anti in saya? Ko akwai matsala?

Wata uwa daga Jega, jihar Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau alhamdulillah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Amsar a taƙaice ita ce kar ki saya. Na Sakkwaton kar ki sa a aiko, na basir ɗin kuwa ko kyauta ya ba ki ki ce kin gode. Amma bari in yi miki bayani sosai, don na san in na tsaya a "kar ki" kawai, gobe maƙwabciyar nan za ta dawo da wani bidiyon ki fara wasiwasi.

Ba ƙarya ta yi miki ba fa, man yana nan. Wanda aka fi sani sunansa EMLA, haɗin magani biyu ne, lidokain da firilokain, kowanne kashi 2.5 cikin 100. Lidokain ɗin shi ne dai wanda ake yi wa mutum allurarsa in za a cire haƙori ko za a yi ɗinki, wurin ya sage. Ana lafta man da kauri, a rufe da wata leda mai mannewa, a jira awa ɗaya cur kafin ya ratsa fata, shafa-mu-tafi ba ya yin komai. Kuma gaskiya yana aiki, in za a ɗebi jinin yaro ko a sa masa allurar ƙarin ruwa yana rage zafi. To amma a waɗancan alluran fata hanya ce kawai ake bi ta ciki a wuce. A wannan da za a yi wa yaronki kuwa, fatar ce ake tambaya, ita za ta ba da amsa, shi ya sa ba ma son a taɓa ta da komai.

Ga yadda abin yake. Sunan gwajin Mantu, sunan wani likita ne ɗan Faransa da ya fito da hanyar fiye da shekara 100 da suka wuce. Ruwan da ake sawa ana ce masa tubakulin, furotin ne da aka tato daga ƙwayar cutar, babu ƙwaya mai rai a ciki, saboda haka ba zai sa wa yaro tarin fuka ba, wannan ki kwantar da hankalinki. Ana zuƙar mililita 0.1 kacal, wato ɗigo biyu ma da ƙyar, da ƙaramar sirinji mai siririyar allura. Sai a shimfiɗa hannun yaro tafin yana kallon sama, a ja fatar cikin sangalin hannu ta miƙe, a kwantar da allurar kusan ta kwanta a kan fata, a cusa bakinta kawai a cikin fatar kanta, ba ƙarƙashinta ba, ba cikin tsoka ba. In an yi daidai nan take za ki ga wurin ya taso fari-fari kamar cizon sauro, faɗin milimita 6 zuwa 10. Wannan tasowar ba ita ce sakamako ba, shaida ce kawai cewa ruwan ya shiga inda ake so, kafin ku kai gida ta baje. Sakamakon sai bayan awa 48 zuwa 72. In jikin yaro ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, sojojin jikinsa za su gane furotin ɗin su taru a wurin, wurin ya kumbura ya yi tauri. Taurin nan ake aunawa da rula. Ja ba a lissafa shi ko da ya kai faɗin tafin hannu.

To kin ga inda man zai shigo ya ɓata lissafi. Shi EMLA yana taɓa ƙananan jijiyoyin jinin fata, da farko wurin ya yi fari fat, daga baya ya koma ja, wasu kuma har ya ɗan kumbura. Gwajin da duk hukuncinsa a kan 'yan milimita yake, tsakanin 8 da 10 ma magana ta canja, ina dalilin kawo abin da shi ma kumburi yake sawa? Littafin ƙa'idojin tarin fuka na ƙasar Kanada ya faɗa ƙarara cewa kar a shafa irin wannan man kafin gwajin, saboda kumburin da yake kawowa ana iya ɗaukarsa a matsayin sakamako. Ba duka likitocin yara ne suka tsananta haka ba, akwai masu ganin bai cika canja sakamakon ba, amma ko su ɗin, asibiti ne ke shafawa da kansa, su san nawa aka sa, a ina, ƙarfe nawa. Ba uwa ta shafo daga gida ta yi shiru ba. Ni dai a ganina ribar ba ta kai kasadar ba: zafi na 'yan daƙiƙu a gefe guda, a ɗaya gefen kuma sakamakon da za a riƙa kokwanto a kai.

Akwai kuma maganar lafiyar man kansa. Firilokain ɗin da ke ciki in ya yi yawa a jiki yana iya sa jini ya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓen yaro ya koma shuɗi-shuɗi. Ga ɗan shekara uku in an sa daidai gwargwado ba kasafai hakan ke faruwa ba, ba zan tsorata ki a banza ba. Amma ga jarirai 'yan ƙasa da wata 3, da bakwaini, da yaran da ke shan Septrin da danginsa, da masu ƙarancin sinadarin jinin nan G6PD, wanda yake da yawa a cikinmu musamman yara maza kuma galibi ba a taɓa gwada su ba, to akwai hatsari. Ina faɗar wannan ne saboda sauran iyaye masu karantawa, kar wata ta je ta lafta wa jinjiri.

Na basir ɗin kuwa, Allah ya shirya mana wasu masu kemis. Na farko dai ba a yi shi don ya ratsa lafiyayyar fatar hannu ba, kuɗinki kawai za ki zubar yaron kuma ya ji allurarsa yadda take. Na biyu, wanda ya fi damuna, da yawa daga cikin mayukan basir akwai sitiroyid a ciki, shi kuma aikinsa danne kumburi, wato ainihin abin da muke jira mu gani. Sai yaro yana ɗauke da ƙwayar a auna a ga ba komai. Haka ma mayukan ƙuraje na kemis masu haɗi uku, da man bilicin da wasu iyaye ke cakuɗawa cikin man shafawar yara (wannan ma wata rana sai mun zauna a kanta a filin nan), duk a nisanta su da hannun. Ranar gwaji ki yi masa wanka da sabulu, ki bar hannun haka nan ko basilin kar ki sa.

Yanzu mu zo kan tsoron, don shi ne ainihin damuwarki. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayarta kan rage wa yara zafin allurar rigakafi, ta yarda irin wannan man yana aiki amma ba ta ce ƙasashe su riƙa amfani da shi ga kowa ba, saboda tsada da wuyar samu da lokacin da yake ci. Abin da ta fi ƙarfafawa abubuwa ne da ba a saye: uwa ta kasance a wurin, a riƙe yaro a jiki, a ba jariri nono ana cikin yi, a ɗauke hankalin wanda ya ɗan tasa. Kuma wallahi suna aiki, ina gani.

Ki zauna a kujera ki ɗora shi a cinyarki a kaikaice, ƙafafunsa tsakanin naki, hannunsa ɗaya ya zagaya bayanki, wanda za a yi wa allurar a shimfiɗe kan tebur ki riƙe wuyan hannun da gwiwar hannun, fuskarsa ta juyo ƙirjinki ko wayar da kika kunna masa katun. In kin samu balan-balan ki ba shi ya hura, hurawar za ta ɗauke masa hankali. Alewa a aljihu ta bayan an gama. Kar a kwantar da shi a gado ƙarti uku su hau kansa, wannan dannewar ita yara ke riƙewa a rai fiye da tsinin allurar, kuma ita ta sa yanzu yake gudun farin kaya. Kar ki ce masa ba zafi, zai ji, gobe kuma ba zai yarda da ke ba, ki ce masa za a ɗan tsikare shi kaɗan, ku ƙirga tare zuwa goma an gama. Sannan daga yau har ranar, a gaya wa mutanen gidan a daina "in ba ka yi shiru ba sai na kai ka an yi maka allura". Mu da kanmu muke shuka tsoron nan sannan mu zo muna neman mai a kemis.

Riƙon da kyau yana da wani amfanin: in ya fizge ruwan ya zube ko ya wuce ƙarƙashin fata ba a ga tasowar nan ba, dole a sake, a ɗaya hannun ko a matsa kamar santimita 5 daga wurin farko. Kin ga allura ɗaya ta zama biyu.

Bayan an yi, ba filasta, ba bandeji, ba murzawa, ba man zafi. Wanka ba laifi, a dai goge a hankali. Zai iya yin ƙaiƙayi, ki yanke masa farce, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki sa masa riga mai dogon hannu in ya cika sosa. Sai kuma babbar magana, wadda ta fi ta man muhimmanci nesa ba kusa ba: KOMAWA. In an yi Litinin, Laraba ko Alhamis za ku koma. In Talata ce, Alhamis ko Juma'a. Ki lura kar a yi muku ranar Alhamis in wurin ba sa aiki Asabar da Lahadi. Abin da ya fi kashe gwajin nan a wurinmu shi ne uwa ta duba hannu ta ga ba komai ta ce ai lafiya lau, ko biki ya taso, ko kuɗin mota ya gagara, sai bayan sati a zo. In an wuce awa 72 yawanci sai dai a sake daga farko. Kuma hoto ta WhatsApp ba ya yi, don da yatsa ake lalubo taurin, wani lokaci ido ba ya ganinsa sam, sai an shafa an ji gefensa a sa alama da biro sannan a ɗora rula a gicciye. Ko ba komai a wurin, a je a rubuta sifili.

Ga yara, milimita 10 ko fiye ana ɗaukarsa jiki ya haɗu da ƙwayar. In yaro yana da HIV ko tamowa mai tsanani, daga milimita 5 ake lissafi. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da aka yi masa yana jariri, mai barin tabo a dantse, tana iya sa wurin ya ɗan tasa, amma yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da mai tarin fuka ba a ɗora wa BCG laifi a sallame shi.

Kuma ki riƙe wannan: gwajin ba ya cewa yaro "yana da tarin fuka". Abin da yake nunawa kawai ƙwayar ta shiga jiki, ko tana kwance ko ta fara ciwo wannan sai an duba yaron kansa. Za su tambaye ki tari ko zazzaɓin da ya wuce sati 2, ramewa ko rashin ƙaruwar nauyi, rashin kuzarin wasa, kumburin kaluluwa a wuya. In akwai ko ɗaya, sai hoton ƙirji da gwajin na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar a majina, yanzu ma da kashin yaro ana yi tunda ƙananan yara haɗiye majina suke ba sa iya tofarwa. In kuma lafiyarsa ƙalau, to tunda bai kai shekara 5 ba kuma gida ɗaya suke da mai ciwon, ƙa'ida ita ce a ba shi maganin kariya ko gwajin fatar ya nuna ko bai nuna ba, ko ma ba a samu yin gwajin ba, don ruwan tubakulin a firij yake zama kuma ba kowace ƙaramar asibiti ke da shi ba. Maganin na wata 3 ne ko wata 6, ya danganta da irin wanda suka ba ku. In akwai rifamfisin a ciki fitsarinsa zai koma ja-ja ruwan lemo, kar ki firgita. Dalilin wannan gaggawar shi ne ƙananan yara in ƙwayar ta kama su tana saurin zama ciwo, har ta hau ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau. Maganin tarin fuka da na kariyar kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke ba da shi, kuma akwai lambar 3340 da ake kira kyauta a tambayi cibiya mafi kusa.

Batun Baba kuma, don Allah kar a ware masa kwano a riƙa gudunsa. Ba ta tuwo ake ɗauka ba, ta iska ce, in ya yi tari a ɗaki rufe. A buɗe tagogi, ya riƙa zama a waje cikin inuwa da rana, ya rufe baki in zai yi tari, yaron ya daina kwana a ɗakin tukuna. In yana shan maganinsa kullum ba fashi, cikin 'yan makonni yaɗawar ke raguwa sosai. Ke da maigidan da sauran manyan gidan ma ku je a duba ku.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni daga Talata Mafara nike. Ƙanena da ke aikin haƙar zinare wajen Anka ya dawo gida da tari, anka ce tarin fuka ne. Ɗiyata 'yar wata 16 an yi mata gwajin hannu, munka koma anka auna anka ce sifili. Amma ni hankalina bai kwanta ba, yarinyar ta rame, ba ta cin abinci, kuma sati biyu kafin gwajin an yi mata allurar ƙyanda ta biyu. Uwarta ta ce tunda sifili ne shi ke nan. Haka ne?

Wani uba daga Talata Mafara, jihar Zamfara

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, gaskiyarka ce da hankalinka bai kwanta ba, ka gaya wa maman yarinya a hankali cewa wannan sifilin ba a jingina da shi. Abu uku ne a cikin wasiƙarka, kowanne shi kaɗai ya isa ya sa gwajin ya yi shiru alhali ƙwayar tana nan.

Allurar ƙyanda, da ita kanta cutar ƙyandar, suna danne amsar fata na ɗan lokaci, shi ya sa ko dai a yi gwajin rana ɗaya da allurar, ko a jira aƙalla sati 4. Naku ya faɗa tsakiya. Ba wai allurar ƙyandar ta yi laifi ba, kun kyauta da kuka kai ta, lokacin gwajin ne bai dace ba, kuma da an ga katin rigakafinta da an gane. Sai ramewar: jikin da ba ya samun abinci ba shi da ƙarfin tara sojojin da za su kumbura wurin. Na uku, in bai daɗe da dawowa ba, jiki kan ɗauki har sati 8 ko fiye bayan ƙwayar ta shiga kafin fata ta fara nunawa.

Amma ni ba sake gwajin hannun ne ya fi damuna ba. Yarinya 'yar wata 16, ta rame, ba ta ci, gida ɗaya da mai tarin fuka, wannan ba a zauna jiran sati huɗu su cika. Ka mayar da ita cikin satin nan, ka tafi da katin rigakafinta da katin maganin ƙanenka, ka faɗa musu da bakinka cewa akwai mai ciwon a gida kuma tana ramewa. A auna nauyinta da dantsenta, a yi hoton ƙirji, a gwada kashinta da GeneXpert. In asibitin kusa ba su da kayan, su rubuta muku takarda zuwa Gusau. Ko gwajin na'urar bai nuna ba, likita na iya yanke hukuncin fara mata magani bisa alamomi da hoto, don a jikin yara ƙwayar ba ta da yawa, ba kullum na'ura ke kamo ta ba. In kuma an tabbatar ba ciwon ba ne, to maganin kariya za a ba ta, tare da kula da abincinta. Kar dai a fara na kariyar kafin a duba ta sosai.

Shi kuma ƙanen naka, ƙurar dutsen da masu haƙa da masu niƙa ke shaƙa tana lalata huhu, tana kuma sa tarin fuka saurin kama mutum, saboda haka ya gaya wa abokan raminsa masu tari su je a gwada su. Ya sha maganinsa wata 6 cif, kar ya ji sauƙi a wata na biyu ya tattara ya koma daji da rabin magani. In komawar ta zama dole, ya fara zuwa cibiyar da ke ba shi magani su tsara masa inda zai riƙa karɓa.